Musa Bai Fita Ba: Sake Duba Magana Jari Ce Daga Kan Dakalin Arawa

Da wuya a sami gida a Arawa da littafin Magana Jari Ce bai taɓa shiga ba. Wani a firamare ya karanta shi, wani a sakandare don jarrabawa, wani kuma bai taɓa riƙe shi ba amma ya sha labaransa a bakin yayyensa, ko ya kalla a talabijin lokacin da aka mai da shi wasan kwaikwayo. In ka tambayi yawancinmu abin da littafin ke koyarwa, amsa ɗaya za ka ji, wadda sunansa ya riga ya faɗa: iya magana dukiya ce. Ba mu musa ba. Amma da muka sake ɗaukar littafi na ɗaya a bazarar nan, lokacin da zafi ya hana kowa sakat kuma wuta ta ƙi zama, sai muka ga wani abu da malamanmu na Hausa ba su taɓa tsaya mana a kai ba. Tun daga inda yaƙi ya tashi har ƙarshen littafin, abin da ake ta fama a kai shi ne a hana wani saurayi fita daga gida. Iyakar aikin ke nan. Rashin fitar nan kuwa ita ta tsirar da ransa.

Ga wanda ya kwana biyu bai leƙa littafin ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, sai daga baya Allah ya ba shi Musa. Wazirinsa, wanda ya riga ya gama lissafin cewa sarauta a hannunsa za ta faɗo, ya ji haihuwar nan kamar an watsa masa garwashi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Sarki da Sarkin Sinari, Sarki ya fita da mayaƙansa, har da Mahmudu, jikansa kuma abokin tasowar Musa, ya bar Musa a gida. Waziri kuwa ya riga ya haɗa baki da abokan gaba. Sai ya samo wata tsohuwa ya riƙa aika ta da saƙon ƙarya, wai Mahmudu ne ke kiran Musa ya same shi a fagen fama, alhali tarko aka ɗana masa a waje. Musa ya yi shiri, ya nemi shawarar macen aku, ta gaya masa gaskiya ƙiri-ƙiri cewa fitar ba ta dace ba, ya hasala ya kashe ta. Da ya juyo kan namijin, shi da ya ga abin da ya sami matarsa, sai ya ɗauki wata hanya. Bai ce masa kada ka je ba. Duk daren da Musa ya zo sallama sai ya ja shi da labari, wannan ya jawo wancan, har gari ya waye, damar sulalewa ta wuce. Haka aka yi ta yi har Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aku ya gaji kujerarsa.

Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936 don ya yi wannan aiki tare da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi, littafin ya fara fitowa a 1937. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Imam ya yi aro. Tsarin akun da ke tsare mutum da hira ya fito ne daga tsofaffin littattafan Indiya da na Farisa. Sai dai a can, matar wani falke ce akun ke hanawa fita wurin wani namiji yayin da mijinta ya yi tafiya. Imam ya cire matar ya sa saurayi, ya cire sha'awa ya sa yaƙi. A wurinmu wannan canjin shi ne babbar gwanintarsa a littafin, ya fi duk salon maganar da ake yaba masa. Don kuwa da ya bar labarin yadda ya same shi, kowa zai yarda cewa zama a gida shi ne daidai, babu gardama. Amma Musa abin da ke kiransa abu ne da kowane Bahaushe ke ganin girmansa: jarumta, zumunci, kada a ce sa'anka yana can yana zubar da gumi kai kana nan kwance. Imam ya ɗauki fitar da ta fi kowace kama da alheri, ya nuna cewa a bayanta akwai masu jira da igiya.

A duba kuma littattafan da suka rigaye shi, waɗanda suka fito daga gasar 1933. Ruwan Bagaja na shi Imam ɗin kansa tafiya ce daga gari zuwa gari. Ganɗoki na wansa Bello Kagara yaƙi ne da yawon duniya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma hanya ce, har ƙetaren Sahara. Jaruman farko na rubutun zubenmu duk ƙafarsu a waje take. Musa ne kaɗai ya ci nasara ba tare da ya taka ƙofar gari ba, kuma shi ne wanda ba mu taɓa kira jarumi ba.

Mun san dalili. Mu mutanen Arawa ba mu gaji ganin girman zama ba. Garin nan da kansa matsowa ya yi ta yi, daga Gombe Abba zuwa Nafaɗa, kafin ya zauna inda yake yanzu a 1919. Auduga da gyaɗa suka jawo mutane, aka kafa injin gurzar auduga na BCGA a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963, aka ba mu jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, sannan rikicin Boko Haram ya koro mana 'yan uwa daga Borno da Yobe da Adamawa. Iyayenmu da kakanninmu da suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau, babu wanda ya zo nan don ya huta a cikinsu. Nema ya kawo su. Wanda ya zauna a garinsu yana can, wanda ya tashi shi ya sayi fili ya gina gidan da muke ciki yau. Saboda haka karin maganar da ta fi zama a bakinmu ita ce ta tashi: zomo ba ya kamuwa daga zaune, da zaman banza gara aikin kishiya, zama wuri ɗaya tsautsayi in ji kifi. Muna da kishiyoyinsu fa, su gaggawa aikin Shaiɗan da sauri ya haifi nawa, amma waɗannan sai bayan abu ya riga ya ɓaci muke tuna su.

To, a unguwa irin wannan babu zagin da ya kai a ce wa matashi yana zaman kashe wando. Kalmar da kanta mai ban dariya ce in ka tsaya ka duba ta: wai asarar da ake jimami ita ce ta yadin wando. Amma ba dariya take bayarwa ba in a kanka aka sauke ta, musamman a gaban ƙannenka, ko daga bakin mahaifin yarinyar da kake nema. Mun ga samari da yawa da ke fita tun sassafe ba don akwai inda za su ba, sai don kada a gan su a gida. Su sa kaya masu kyau, su zaga Tudun Wada, su leƙa Tashar Dukku, su tsaya shagon aboki a kasuwa, su dawo da yamma a gajiye ba su ƙulla komai ba. Uwa ta ji daɗi ɗanta ya fita nema. Shi kuwa ya san ƙarya ya yi da ƙafafunsa.

Nan ne labarin tsohuwar Waziri ya daina zama tatsuniya a wurinmu. Duk wanda ya yi wayo a Gombe tun wajen zaɓen 2003 ya san abin da kalmar Kalare ke nufi, ya san gidajen da suka yi kuka, har ƙungiyar Human Rights Watch ta ware wa abin sashe guda a rahoton da ta fitar kan siyasar Najeriya a 2007. Bayanin da aka saba yi shi ne zaman banza ya jawo. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Yaron da aka ba gora da adda da ƙwaya ba a kan zama aka kama shi ba. An kama shi ne a kan kunyar zama. Ɗan aiken ya zo masa da irin saƙon tsohuwar nan sak: sa'anninka suna can, ana damawa da su, wane har ya sayi mashin, kai kana nan kamar mace. Ya tashi don ya wanke kansa daga zagin da mu iyayensa da yayyensa muka fara yi masa. Da yaron nan ya iya jure a kira shi malalaci na wata shida, da wataƙila yau yana raye, ko yana da hannayensa biyu. Yau ɗan aiken ya canza riga. Wani lokaci dillalin tafiya Libiya ne ta Agadas, wani lokaci mai cewa ka zuba dubu hamsin a waya ta zama ɗari cikin mako, wani lokaci mai tara yara ranar gangami. Saƙon dai bai canza ba: tashi yanzu, in ka tsaya tunani wani zai riga ka.

Akwai darasi kuma a mutuwar macen aku, wanda ya kamata iyaye su tsaya a kai. Ita ce ta faɗi gaskiya tsantsa, ita ce kuma ta mutu. Imam ya san cewa saurayin da jininsa ke tafasa ba a tare shi da "kada". Namijin ya ci nasara ne saboda bai taɓa taka mutuncin Musa ba, kullum yana nuna masa kamar yana goyon bayan tafiyar, yana dai sayen dare ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa a gidajenmu iri biyu muka iya: ko tsawa, ko kora waje. Zama da yaro a yi ta hira har zafin kansa ya sauka, wannan mun bar wa abokansa na majalisa, sannan mu dawo mu ce majalisa ta lalata shi.

Duk da haka, muna da ƙorafi a kan littafin, kuma ba ƙarami ba ne. Musa ya tsira, amma bai koyi komai game da zama ba. Ko dare ɗaya Imam bai bar shi shi kaɗai da zuciyarsa ba. Ba mu ga inda ya zauna shiru ya tambayi kansa: shin Mahmudu da na sani zai aiko mini tsohuwa cikin dare? Me ya sa mahaifina ya bar ni a gida? Wa zai ci riba in na fita? Tambayoyi ne da mai hankali zai warware kafin shayi ya huce, in har ya sami shirun da zai yi su. Musa bai samu ba, kuma bai nema ba. An riƙe shi ne kamar yadda ake riƙe jariri da kacau-kacau. Kowace safiya yana nan yadda yake jiya, da dare kuma ya sake ɗaura ɗamara. Wato rayuwarsa gaba ɗaya ta rataya ne a kan sa'ar cewa akun da ke cika masa kunne mai ƙaunarsa ne. Da akun na Waziri ne fa?

Wannan tambayar ba ta dami mai karatu na 1937 ba. Mu ta dame mu, don yanzu kowa da akunsa a aljihu. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, musamman tun da ta koma mai shafawa, aikin da take yi shi ne ainihin aikin akun Imam: labari ya ƙare wani ya fara, kafin ka ɗaga kai ladan ya kira assalatu. Ku bi ta kowace majalisa a Arawa bayan isha'i ku gani. Mutum takwas a kan benci, kowa fuskarsa da haske, babu mai ce wa wani uffan sai in zai nuna masa wani abin dariya a TikTok. Daga nesa sai ka ce zaune suke. Ba zaune suke ba, jama'a, gudu suke yi, jikin ne kawai a wuri ɗaya. Kuma wannan akun ba ya jiran Sarki ya dawo, don kamfanonin da suka ƙera shi da tsawon lokacin da ka ɓata a kai suke cin abinci. Shi ne aku, shi ne kuma tsohuwar, don ta cikinsa saƙon "wane ya yi mota" ke shigowa.

Ba mu kaɗai ba ne da wannan ciwo. A 2014 wasu masana a Jami'ar Bajiniya ta Amurka, ƙarƙashin Timothy Wilson, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun riƙa sa mutum a ɗaki shi kaɗai, ba waya ba littafi, na minti 6 zuwa 15, su ce ya yi tunaninsa kawai. Da yawa suka ce ba su ji daɗin zaman ba. A wani zagaye aka ajiye musu wani maɓalli da in ka danna lantarki zai ɗan ja ka, kuma an riga an ɗanɗana musu, sun ce har kuɗi za su iya biya don kada a sake ja musu. Da aka bar su su kaɗai, maza 12 cikin 18 suka danna da hannunsu, mata kuma 6 cikin 24. Mutum ya gwammace wuta ta ja shi da ya zauna da kansa na kwata ɗin awa. In mun yi musu dariya, sai mu tuna yadda hankalinmu ke tashi in caji ya kai kashi biyar kuma ba wuta a layin.

Abin mamaki shi ne abin da Imam bai koya wa Musa ba, mu an koya mana shi tun muna zaure, mun dai ɗauke shi karatun jarrabawa. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san cewa natsuwa tana cikin farillan salla, a jere ɗaya da ruku'u da sujada. Ma'anarta gaɓoɓi su tsaya cak na ɗan lokaci, ba motsi. Kuma kowa ya ji labarin mutumin da ya yi salla a gaggauce a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka mai da shi ya sake har sau uku, ba don ya bar wata raka'a ba, sai don bai tsaya ba. Wato a cikin aikin da ya fi kowane girma a yininmu, ɗan tsayawar nan da ba a yin komai a cikinta rukuni ce, in babu ita aikin bai yi ba. Ga ƙailula, ɗan barcin tsakar rana da magabata suka riƙe, wanda a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu bai kamata a ce sai an yi wa kowa wa'azinsa ba. Ga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, inda magidanci ke rufe shago a daidai lokacin da kasuwar Salla ta fi ci. Ko da yake shi ma, a faɗi gaskiya, 'yan shekarun nan rigimar soket ɗin caji ta fara bin mutane har cikin masallaci. Imam Gazali yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza ya ajiye kujerar a 1095, ya shiga keɓewa ta kusan shekara goma, kuma a cikin wannan zaman ne Ihya'u Ulumid Din ya samu. Da a Arawa yake, da an ce malam ya sami matsala, a kai shi ruƙiyya.

Ba sai an je littafi ba ma. Matan unguwar nan sun san cewa in mai ruwa ya kawo jarka mai laka, ba a gyara ta da motsawa. A juye a randa a rufe a bar shi, da safe ka ga ƙasar ta kwanta. Mai daddawa ta san in ta dafa kalwa ta rufe, sai ta ba ta kwanakinta, in ta yi ta buɗewa tana dubawa ta ɓata. Tsofaffin manomanmu na barin gona ta zama saura shekara biyu ko uku don ƙarfinta ya dawo, kafin ƙarancin fili ya sa muka koma dogaro da buhun taki. Babu wanda ke cewa randa na zaman banza. Ɗan Adam kaɗai muka hana wa wannan uzuri.

Mun san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: wannan duk maganar ƙoshi ce. Ɗan acaɓan da ke biyan balas kullum, ko mai Keke Napep da aka ba shi bashi, in ya kashe inji ya zauna ƙarƙashin bishiya awa guda, wa zai cike masa? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, mutane da yawa aiki biyu suke haɗawa kafin tukunya ta hau wuta. Ba za mu tsaya a gaban irin wannan mutum mu karanta masa falalar hutu ba. Haka kuma ba za mu yi wa rashin aikin yi kwalliya ba. Wanda ya gama jami'a shekara biyar yana jiran takardar ɗauka, zamansa ba natsuwa ba ce, ɗauri ne, irin zaman da muka yi a layin banki da na masu POS a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. Zaman da aka tilasta maka cin rai yake yi. Wanda muke magana a kai shi ne wanda mutum ya zaɓa, ko da na minti goma ne, ya ajiye waya, ya bar kansa ya kwanta kamar ruwan randa.

Amma ko a nan akwai rashin adalcin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. In Alhaji ya kishingiɗa a ƙofar gida bayan la'asar, hutawa yake yi, a yi shiru kada a dame shi. In ɗansa ya yi haka, kashe wando ne. In matarsa ta yi haka, son jiki ne. Matar da ta tashi tun kafin asuba, ta ɗora ruwa, ta shirya yara makaranta, ta yi wanki, ta soya awarar sayarwa, ta tuƙa tuwon dare, ku gaya mana sa'ar da aka ware mata ta zauna ba komai a hannunta. Sai ta fake da kitso ko lalle kafin a ƙyale ta, don shi ma ya yi kama da aiki. Da yawa cikin iyayenmu mata sai ranar da hawan jini ya kwantar da su muke jin likita ya ce a bar su su huta, mu kuma mu riƙa gyaɗa kai kamar yau muka fara jin kalmar. A littafin Imam ma haka abin yake in ka lura: ɗan sarki ne ake hidimar zaunar da shi, bayi da barori na tsaye a kansa dare da rana.

Sai maganar wuri. Ko mutum ya so ya zauna, ina zai zauna? Gidajen da aka gina a unguwar nan shekarun baya kusan kowanne da zaure da dakali, da dalbejiya a ƙofa, wadda wasunmu ke kira maina. Zaure ya zama shago, dakali an fasa an kafa kwantena, bishiya an sare don ta tare allon talla ko don saiwarta na barazana ga katanga. Sababbin gidaje kuwa get ne da waya mai ƙaya. Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green a 2019, kuma dalilin da aka fi faɗa shi ne zaizayar ƙasa da kwararowar hamada, wanda duk mai zaune kusa da kwari ya san ba wasa ba ne. Mu dai muna ƙara wani dalili: inuwa wurin zama ce, kuma ita kaɗai ce wurin zaman da ba a tambayarka me za a kawo maka. Duk sauran, daga teburin mai shayi har gidan kallon ƙwallo, sai da kuɗi a aljihu da hayaniya a kunne.

Kuma duk lokacin da aka yi sata a layi, shawarar farko da ake kawowa a taron unguwa ita ce a tashi majalisun samari. Wasu majalisun sun cancanci a tashe su, ba ma kare mai sayar da ƙwaya. Amma kafin a ɗauke benci, a tambaya ina yaran za su koma. Musa dai a cikin gidan ubansa aka tsare shi, inda idon manya ke kansa. Yaron da aka kora daga ƙofar gida ba ɗaki yake komawa ba, bakin kwari yake tafiya, inda babu wanda zai ga wanda ya zo ya zauna kusa da shi.

Malaman Hausa na makarantunmu har yanzu suna tambayar yara su kawo darussa uku daga labarin kaza, su bayyana halin Waziri, su faɗi hikimar aku. Muna roƙonsu su ƙara tambaya ɗaya a zangon nan, ko ba za ta fito a jarrabawa ba: a cikin duk dararen nan, da akun ya yi shiru, me Musa zai yi? A ba yaran minti goma su yi tunani kafin su rubuta, ba hira, ba leƙen littafi. Malamin ma ya ajiye wayarsa a aljihun tebur ya zauna tare da su.